Shin Yahudawa ne zaɓaɓɓun Allah? Abin da Yahudanci da Kiristanci suka ce

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni Kirista ce. Kwanan baya mai wa'azinmu ya ce Yahudawa su ne zaɓaɓɓun Allah har abada, kuma duk wanda ya buɗe baki ya soki Isra'ila la'ana ta hau kansa. A satin nan kuma abokiyar aikina ta turo mini saƙo a WhatsApp, wai littafin Yahudawa ya ce duk wanda ba Bayahude ba dabba ne. Ni kuwa na sha faɗi a gaban mutane cewa kisan yara a Gaza ba daidai ba ne. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na jawo wa kaina la'ana ke nan? Wanne ne gaskiya a cikin biyun?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Mai wa'azin da mai saƙon duk rami ɗaya suka faɗa: sun ɗauka "zaɓe" yana nufin fifikon jini, wato Allah ya ware wata ƙabila ya ce ta fi kowa, abin da ta yi kuma babu tambaya. Ɗaya ya ji wannan ya yi murna, ɗaya ya ji ya fusata, amma ba abin da nassin ya faɗa ba ke nan.

Gaskiya ne Attaura ta kira Bani Isra'ila zaɓaɓɓu. Har yau Bayahuden da aka kira gaban littafin Attaura a majami'a yakan gode wa Allah "wanda ya zaɓe mu daga dukan al'ummai ya ba mu Attaurarsa". Ki lura da inda jimlar ta ƙare: an zaɓe su ne domin a ɗora musu shari'a. A Fitowa 19:5-6 da sharaɗi aka faɗa, in kun yi biyayya kuka kiyaye alkawarina. Maimaitawar Shari'a 7:7 ta ce ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta. Sura ta 9 ta ƙara da cewa ba don adalcinsu ba ne, ta kira su masu taurin kai. Annabi Amos ya fi kowa zafi. A 3:2 ya ce ku kaɗai na sani a cikin dukan kabilan duniya, saboda haka zan hukunta ku a kan laifofinku. A 9:7 kuma ya ce wa Isra'ila ashe ba kamar Kushawa kuke a wurina ba, ni na fito da ku daga Masar, ni kuma na fito da Filistiyawa daga Kaftor. Wanda ya karanta wannan ya ce zaɓe lasisin yin abin da aka ga dama ne, to bai karanta ba.

Malaman Yahudawa sun lissafa dokoki 613 a wuyan Bayahude, wanda ba Bayahude ba kuwa bakwai kawai, waɗanda suke kira dokokin 'ya'yan Nuhu: hani ga bautar gumaka, saɓon sunan Allah, kisa, zina, sata, cin naman da aka yanko daga dabba tana da rai, sai umarnin kafa kotuna. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa salihan sauran al'ummai suna da rabo a lahira. Ƙofa ma a buɗe take: Rut 'yar Mowab ce, ta shiga addinin, ita ce kakar mahaifin Dauda kai tsaye, domin ita ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dauda. Da jini ne ma'auni, da gidan Dauda kansa bai tsira ba.

To saƙon WhatsApp ɗin fa? Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai, domin ƙarya ce tsohuwa da ake sake wa riga. Talmud, wato babban kundin muhawarorin malaman Yahudawa na dā, shi ake jingina wa irin wannan magana. Yawancin jerin "maganganun Talmud" da ke yawo sun samo asali ne daga ƙasidun ƙiyayya na Turai, irin ta August Rohling ta 1871. Wasu an ƙirƙire su ne ɗungurungum, har da sunayen littattafan da babu su. Wasu kuma an yanko su ne daga tsakiyar muhawara. Misali, maganar da ake cewa ta mai da sauran mutane dabbobi ta fito ne daga gardama a kan ko kabarin wanda ba Bayahude ba yana sa firist ƙazanta irin ta ibada, mas'alar tsarki ce kamar yadda malaman fiƙihu ke tattauna najasa. Kalmar "goy" ma, wadda ake kiran wanda ba Bayahude ba da ita, ake kuma cewa zagi ce, ma'anarta al'umma. Da ita aka kira Isra'ila kanta a Fitowa 19:6. Ba na musun cewa akwai kalamai masu kaushi a kan arna a cikin Talmud, an rubuta shi ne a ƙarƙashin mulkin Rumawa da Farisawa. Akwai kuma malamai irin su Yahuda Halevi, a ƙarni na 12, da suka ce Bani Isra'ila suna da wata baiwa ta musamman a halittarsu, kuma wasu masu tsattsauran ra'ayi a yau suna jan wannan har ya kai ga raina mutane. Amma Mishna, wadda ita ce tushen Talmud ɗin, ta ce an halicci Adamu shi kaɗai ne domin kada wani ya ce wa wani ubana ya fi ubanka. A Amurka ma wani malaminsu, Mordecai Kaplan, ya cire batun zaɓe gaba ɗaya daga littafin addu'ar da ya fitar a 1945. Mai tura saƙo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ga hoton rubutu ne kawai ya danna.

A Kiristanci amsa ta kasu uku. Ikilisiya ta daɗe tana koyar da cewa ita ce sabuwar Isra'ila, tun daga Justin Shahidi a ƙarni na 2, da hujjar 1 Bitrus 2:9 da Galatiyawa 3:28-29, inda aka ce duk wanda yake na Almasihu zuriyar Ibrahim ne. Ra'ayi na biyu ya jingina da Romawa 9 zuwa 11: Bulus ya tambaya ko Allah ya yi watsi da jama'arsa, ya amsa da kansa cewa ko kaɗan, ya kwatanta sauran al'ummai da reshen zaitun na jeji da aka ɗaura a jikin itacen asali, ya gargaɗe su kada su yi fahariya. A kan wannan Cocin Katolika ta tsaya a 1965, lokacin da ta ce ba za a ɗora wa Yahudawa duka alhakin mutuwar Yesu ba. Na uku shi ne na mai wa'azinku, kuma shi ne ƙarami a shekaru. John Nelson Darby ne ya tsara shi a Ireland da Ingila a ƙarni na 19, bugun Littafi Mai Tsarki na Scofield na 1909 ya yaɗa shi a Amurka, sai kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ya ƙara masa ƙarfi.

Ayar da suke riƙe da ita Farawa 12:3 ce, zan albarkaci masu sa maka albarka, in la'anci mai la'antarka. Da Ibrahim ake magana a wurin, babu gwamnati, babu soja. Da sukar sarakunan Isra'ila la'ana ce, da Natan da ya tsaya gaban Dauda, da Iliya da ya fuskanci Ahab a kan gonar Nabot, su za ta fara kamawa. Akwai Yahudawa masu riƙo da addini, irin jama'ar Satmar, da ba su yarda da halascin ƙasar Isra'ila ba tun farko, akwai kuma Kiristoci Falasɗinawa a Baitalami da Gaza waɗanda wannan wa'azin bai bar musu wurin tsayawa ba. Abin da za ki kiyaye shi ne harshenki kada ya zame daga sukar abin da gwamnati ta aikata zuwa zagin Yahudawa a matsayin al'umma. Abokiyar aikinki kuma, ki ce ta kawo sunan babin Talmud ɗin da lambar shafinsa, a buɗe a karanta daga farkon muhawarar.