Katin wa za a ɗaura a kan manhajar?

Sadisu, jiya ka tare ni a bakin shago da tambaya: mai kantin maganin nan na Kawo, a nan Kaduna, yana da yara biyar, yana neman inda za su riƙa rubuta kayan da suka ƙare da bashin da suke bin mutane, shin Notion za ka saka masa ko Google Keep ya wadatar? Na ce ka bari sai na natsu, domin tambayar taka ta fama mini tsohon miki.

Manhajojin nan gida biyu ne. Akwai masu kama da ɗan littafin aljihu, mutum ya rubuta abinsa ya rufe, irin su Keep da OneNote da Obsidian. Akwai kuma waɗanda ofis ne sukutum, kowa da kujerarsa, ana ganin wanda ya taɓa kaza, irin su Notion da Trello. Yadda ake saukewa da buɗe asusu ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya shekara biyu a hannuna bai iya wannan ba, gara ya nemi wata sana'ar.

A farkon 2023 wani Alhaji mai kayan gini, da shago a Panteka da wani a hanyar Mando, ya ce in haɗa masa irin ta ofis ɗin don ma'aikatansa tara. Kwana uku na yi ina tsarawa, shafin siminti daban, na rodi daban, na kwano, na masu bashi. Ita irin wannan da dala ake biya, kuma kan mutum ake ƙirgawa duk wata. A lokacin bankuna da yawa sun hana katin naira biyan kuɗi a waje, sai ya ce, "Malam, sa naka na dala, mu yi jimlar shekara in ba ka naira." Muka lissafa a kan wajen naira 750 da ake sayar da dala a bayan fage, ya biya, muka yi musabaha. Ko takarda ba mu rubuta ba, don dattijo ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a.

A watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare, dala ta haura 1,500. Wannan kaɗai ya isa ya cinye kuɗin aikina, amma da na haƙura, don ba shi ya jawo ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ɗansa. Alhaji ya ce in miƙa wa yaron ragama tunda shi ya yi boko. Na miƙa, kati kuwa yana nan nawa. Yaro ya shiga ƙara mutane: direbobi, maigadi, har da abokansa biyu da ba su san hanyar shagon ba. Tara suka koma goma sha bakwai, kowanne ana zarar kuɗinsa daga aljihuna. Da na yi magana sai ya cire ni daga masu iko, ya zamana ko katina ba ni da halin cirewa. Sau huɗu ina zuwa Panteka, Alhaji ya ba ni ruwan sanyi ya ce, "Ai ciniki ya faɗa, Malam." Kafin in rufe katin gaba ɗaya, abin da ya tafi ya isa sayen sabon janareta. Bayan haka ya bi kasuwa yana cewa na kulle masa lissafi, alhali da idona na ga yaransa da tsohon littafin bashi da WhatsApp suke aiki tun farko, ba mai buɗe abin da na kwana uku a kai.

Ku yaran yanzu da kun ga Bature a YouTube ya ƙawata shafi da launi, shi ke nan sai kowa ya sayi irinsa. Ba kwa tambayar ko akwai sabis a cikin kantin, ko wayar yaron tana da caji bayan an ɗauke wuta tun safe. Notion sai a 2025 ta kawo aiki ba tare da intanet ba, kuma ta kyauta, da zarar mambobi sun wuce ɗaya, ana ƙayyade yawan abin da za a rubuta. Kyautar ma ba a jingina da ita. Evernote, wata manhajar rubutu ita ma, bayan wani kamfanin Italiya ya saye ta, a ƙarshen 2023 ta rage wa masu kyauta zuwa rubutu 50 kacal. Don haka duk wadda za ka saka wa mutum, fara gwada fitar da bayanan daga cikinta ka gani. Ni nawa sirrin aikin a Obsidian yake, saboda fayil ne zalla a kan kwamfutata.

Mai kantin nan Keep ya ishe shi. Jeri ɗaya na kayan da suka ƙare, a haɗa yaran biyar a ciki, kowa ya sa alama in an kawo, kuma yana buɗewa ko babu data. Bashi kuwa lissafi ne, ka kai shi Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi, ya riƙa haɗa jimla da kansa, mutum biyu kawai su sami ikon gyarawa. Duka biyun kyauta Google ke bayar da su.

Gobe da safe ka hau Keke ka je Kawo. Ka buɗe komai da imel ɗin mai kantin da lambar wayarsa, ban da taka, ban da ta babban yaronsa. In ya nace sai ta kuɗi yake so, har ya ce ka sa katinka, ka kira ni a nan take ka ba shi wayar.