Na'ura ta gyara min kod, amma na kasa karanta shi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na rubuta 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python don lissafin kuɗin makarantarmu. Tana yawan tsayawa, sai na ba wata manhajar gyara mai sarrafa kanta. Ta gyara, gwaje-gwaje duk sun wuce, amma ta jera sharaɗi cikin sharaɗi har hawa huɗu, da sunaye irin su tmp2. In bar shi haka tunda yana aiki? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, kada ki bar shi. Wucewar gwaji ba shaida ba ce cewa an gyara.

An taɓa yin wannan ruɗin. A 2012 masu GenProg, wata manhajar gyara mai sarrafa kanta, a Amurka suka ce ta gyara kurakurai 55 cikin 105. A 2015 masu bincike na jami'ar MIT suka bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, suka tarar biyu kacal ne daidai. Da yawansu goge sashen da ke kawo matsalar kawai suka yi, kamar telan da aka kai wa riga mai yagaggen aljihu ya yanke aljihun. Sai da mutum ya zauna ya karanta aka gane.

Ki buɗe git diff, wato umarnin da ke nuna abin da aka canza a kod, ki ga layukan da manhajar gyaran ta taɓa. Ni abin da nake fara nema shi ne "except" da aka bi da "pass", domin wannan haɗiye kuskure yake yi shiru. A lissafin kuɗi kuwa, gara manhaja ta tsaya da ta ba ki jimillar ƙarya, ki je ki tsaya gaban iyayen yara da ita.

Hawa huɗun nan ki rushe shi: a duba matsala tun a farkon aikin, in akwai a fita da "return". Shi kuma tmp2, in ragowar bashi yake riƙe, ki kira shi ragowar_bashi. Ki sa layi ɗaya na bayani kan abin da ya jawo tsayawar, misali ɗalibin da ba a sa masa aji ba, sannan ki rubuta gwaji a kan wannan yanayin.

Black, wani kayan aikin tsara kod na Python, zai daidaita miki tazara da tsarin layuka, iyakarsa ke nan. Ki yi wannan daban don kada ya rufe ainihin gyaran. Ko a Facebook, inda a 2018 aka fito da Getafix, manhajar gyara mai koyo daga gyare-gyaren da injiniyoyinsu suka yi a baya, sai mutum ya duba ya amince kafin gyara ya shiga.