Shin kwamfuta za ta iya hango tsohon sojan da zai kashe kansa?

Tambaya: Na ji an ce a Amurka ana amfani da kwamfuta wajen gano sojojin da ake fargabar za su kashe kansu bayan sun ajiye kaki. Shin gaskiya ne, ko kuwa duba ne aka sake wa suna? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, gaskiya ne, sai dai ba duba ba ne, domin kwamfutar ba ta cewa wane zai aikata ranar kaza. Abin da take yi shi ne ta tace bayanan dubban sojoji, kamar tarihin asibiti da shekaru da tsawon aiki da yunƙurin da mutum ya taɓa yi a baya, sannan ta ware waɗanda haɗarinsu ya fi na saura.

Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta soma wani babban bincike a kan wannan a 2009. Wani sakamako da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa, cikin sojojin da aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa, fiye da rabin kisan kan da ya biyo baya ya auku ne cikin kashi 5 cikin 100 da lissafin ya ɗora a sama. Duk da haka, akasarin waɗanda ke cikin wannan rukuni ba su kashe kansu ba, don haka a ganina amfanin lissafin shi ne sanin wanda za a fara nema, ba yi wa kowa tambari ba.

Shekarar farko bayan barin aiki tana cikin lokutan da suka fi tsanani, lokacin da mutumin da ya saba tashi da asuba cikin abokan bariki ya wayi gari ba fareti, ba albashin da ya saba, ba mai nemansa. Shi ya sa tun ƙarshen 2019 ma'aikatar tsofaffin sojoji take kiran kowanne a waya sau uku cikin wannan shekara.

Akwai kuma abin da fayil ba ya gani, sai iyali: tsohon sojan ya daina barci, ya ƙaurace wa jama'a, ya fara rabar da kayansa ko yana cewa ya zama kaya a wuyan mutane. Idan aka ga haka, a tambaye shi kai tsaye, a nisanta shi da makami, tunda wajen kashi 70 cikin 100 na tsofaffin sojojin Amurka da ke kashe kansu da bindiga suke yi, sannan a gaggauta kai shi wurin likita.