Kun Tambaya, Mun Amsa: 'Yan Matan Sakandare da Ilmin Kwamfuta

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan batu ɗaya, wato yadda za a gano yarinyar da ke da hannu a harkar kwamfuta tun tana sakandare, a yaba mata, a kuma riƙe ta kada ta sulale. Malaman kwamfuta da masu rubuta manhaja ne suka amsa.

Tambaya: Ni malamar kwamfuta ce. Farkon zango 'yan mata da dama suka rubuta suna a kulob ɗinmu, amma kafin tsakiyar zango saura uku. In na tambaye su sai su ce ba komai. Ina matsalar take? — Wata malama

Amsa: Malama, kafin ki sake tambayarsu, ki koma bayan ɗaki ranar kulob ki duba abu guda: a kowace kwamfuta, hannun wa ke kan madannai? Duk inda aka tara yara uku ko huɗu a kan na'ura ɗaya, wanda ya saba da ita tun daga gida shi ke jawo madannai gabansa. Yarinya kuma a bar mata zaɓen launi, ko rubuta rahoto, ko yi wa aji bayani. Bayan 'yan makonni shi ya ƙara ƙwarewa, ita tana inda take, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa kanta ne ba ya ɗauka, alhali ba a taɓa miƙa mata ba.

Sabo da na'ura daban, basira daban, kuma manyan jami'o'i ma sun daɗe suna rikita su. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, mata kashi 7 cikin ɗari ne kacal na sababbin ɗaliban kimiyyar kwamfuta a 1995. Zuwa 2000 sun kai kashi 42. Cikin abubuwan da aka sauya akwai daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja wajen ɗaukar ɗalibai, da raba darasin farko gida-gida gwargwadon abin da kowa ya zo da shi.

Ki mayar da aikin biyu-biyu: ɗaya na bugawa, ɗaya na dubawa yana ba da shawara. Ki saita agogo ya buga duk minti 10, su yi musanyar kujera. Doka ɗaya ce ba sassauci a cikinta: mai dubawa ba ya taɓa madannai ko linzami, da baki zai faɗi abin da yake so. Ki haɗa waɗanda matakinsu ya yi kusa, don in kika haɗa gwani da sabon shiga, gwanin zai riƙa shifta ne kawai, ɗayan yana bugawa bai san me yake bugawa ba. Kada kuma ki warwatsa 'yan matan ɗaya-ɗaya cikin ƙungiyoyi da sunan adalci. Wannan ne ke saurin korarsu.

Aikin farko ya zama wanda za a gama a zama ɗaya, cikin minti 40. Ƙaramin wasa a Scratch, manhajar koya wa yara rubuta manhaja ta hanyar jera tubala, ya isa. In akwai micro:bit, 'yar ƙaramar na'urar koyo mai fitilu 25 da maɓallai biyu, ta sa sunanta ya gudana a kansa, sannan ta sa ya fitar da lamba daga 1 zuwa 6 in an girgiza shi. Wadda ta tashi da abin da ke aiki a hannunta za ta dawo mako mai zuwa.

Akwai kuma yaron nan da kowane aji ke da shi, mai tambaya da manyan kalmomi don a san ya sani. Ki ce masa ku haɗu bayan darasi. In kika biye masa a gaban aji, sauran za su ɗauka su ne aka bari a baya. Waɗanda suka tafi kuwa, sanarwa a allo ba za ta dawo da su ba. Ki kira su da suna, ke da su, ki faɗa wa kowace abin da kika gani a aikinta, kuma ki gayyato ƙawaye biyu ko uku tare.

Tambaya: Muna so mu kafa lambar yabo ta kwamfuta ga 'yan mata a ƙarshen shekara. Mu ba wadda ta fi maki a jarrabawa ne? — Wani shugaban makaranta

Amsa: Ranka ya daɗe, wadda ta fi maki tana da kyautarta tuni, kuma sau da yawa ita ce ta ɗaya a sauran darussan ma. In aka bi maki, yarinya ɗaya za ta riƙa kwashewa duk shekara, sauran su daina sa rai. Jarrabawar takarda ma tana auna haddar sunayen sassan na'ura fiye da iya sarrafa ta.

Akwai abin koyi a tsarin cibiyar NCWIT ta Amurka, mai ƙarfafa mata a fannin kwamfuta, wadda tun 2007 take ba 'yan aji 9 zuwa 12 na makarantun ƙasar lambar yabo a wannan fanni. Ana duba abin da yarinya ta yi da hannunta, da jagorancinta, da burinta na gaba. Matakan yabon suna da yawa, akwai na ƙasa, akwai na yanki, akwai na masu tasowa, har malamai suna da tasu. Waɗanda suka samu kuma suna shiga zumunci ɗaya da na gaba da su. Lambar ta can ce, amma tsarin kowa na iya ɗauka.

Ga rabon maki da muke ba da shawara, cikin 100: aiki mai gudana 40, iya bayanin yadda yake aiki 25, nisan da ta yi daga inda ta faro 20, koya wa wasu 15. Alƙalai uku, ɗaya daga wajen makaranta. Kowace yarinya minti 10: uku ta nuna aikin, biyar a yi mata tambayoyi, biyu na ƙarshe a ce ta sauya wani ƙaramin abu nan take, kamar saurin wasa ko saƙon da ke fitowa. Gani ya kori ji. Wadda yayanta ya rubuta mata, ko ta kwafo daga intanet, ko ta sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi mata, a waɗannan minti biyu take tsayawa cak. Wadda ta yi da kanta kuwa, ko aikin bai da kyan gani, hannunta zai tafi kai tsaye layin da ya dace. A gargaɗi alƙalai tun farko kada ado ya ɗauke musu hankali.

Kada a jira yara su kawo sunansu da kansu. Da yawa daga cikin waɗanda suka cancanta ba za su kawo ba, suna ganin ba su kai ba. A sa kowane malami ya gabatar da biyu, har malaman lissafi da kimiyya. A raba yabon aƙalla gida uku, ciki har da na wadda ta fara a bana. A takardar shaida kuma a rubuta ainihin abin da ta yi, misali "ta rubuta manhajar ajiye sunayen littattafan laburare da harshen manhaja na Python". Irin wannan takarda tana amfani ranar neman jami'a ko tallafin karatu, saɓanin mai cewa "ɗaliba mai ƙwazo" kawai. Kyautar ma ta zama abin da zai ci gaba da aikin: na'ura, littafi, ko mai ba ta shawara na tsawon shekara.

Tambaya: 'Yata shekararta 15, kullum tana kan waya, ta ce rubuta manhaja take so ta koya. Yaya zan gane da gaske take kafin in saya mata kwamfuta? — Wani uba

Amsa: Malam, ka ce ta nuna maka abin da ta yi, ba abin da ta kalla ba. Bidiyon koyarwa yana da yaudara: mutum ya bi malami layi-layi, abu ya yi aiki, ya ɗauka ya iya. Mataki uku ne na gaskiya, ta kwafa, ta sauya, sannan ta ƙirƙiri nata. In ta kai na biyu, da gaske take. Babbar alama kuwa ita ce abin da take yi in manhaja ta ƙi gudana. A Python, saƙon kuskure yana faɗin irin kuskuren a layinsa na ƙarshe, lambar layin da ya lalace kuma tana sama kaɗan. Yawancin kurakuran sabon shiga ƙanana ne, tazarar farkon layi da ba ta daidaita ba, ɗigo biyu da aka manta, ko babban baƙi a gurbin ƙarami. Yarinyar da ke karanta saƙon ta koma ta gyara ta riga ta kama hanya.

Wayar ma ta isa farawa. Akwai Pydroid 3, manhajar rubuta Python a wayar Android, kuma ana iya jona wa wayar madannai na waje da ƙaramar igiyar da ake kira OTG. In ka tashi saye, ba ta buƙatar kwamfutar 'yan wasa. Ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM, ta gigabait 4 za ta ɗauki Scratch da Python, 8 ta fi sakewa, a nemi mai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, in tsohuwa ce a gwada batirinta. In ta gida ce gaba ɗaya, ka yanka mata sa'o'inta, ka buɗe mata asusunta da kalmar sirrinta, in ba haka ba wanda ya fi ƙarfi a gidan ne zai mallake ta.

Ka kuma lura da irin yabon da kake yi. A binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998, yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, sun kuma fi saurin karaya in sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Maimakon "ke ai gwana ce", ka tambaye ta yadda ta gano inda kuskuren yake, ka saurara ko da ba ka fahimci rabi ba.

Tambaya: Ware wa 'yan mata lambar yabo ba tauye wa yara maza haƙƙi ba ne? — Wani malami

Amsa: Da an hana maza na'ura ko darasi, da tauyewa ne. Lambar yabo ba ta rage musu komai. A Amurka mata sun karɓi kashi 37 cikin ɗari na digirin farko na kimiyyar kwamfuta a 1984, sannan adadin ya faɗo zuwa kusan 18 wajajen 2010. Basira ba ta sauyawa haka cikin shekara ashirin da 'yan kai, yanayi ne ya sauya. Mata shida ne suka tsara aikin na'urar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, amma da aka nuna ta ga jama'a a 1946 ba a gabatar da su ba. Abin da muke tsoro daban ne: kada a tsare yarinya a gasar mata kaɗai. Gasar 'yan mata ta Turai, EGOI, da aka fara a Suwizalan a 2021, an kafa ta ne don mata sun yi ƙaranci a gasar rubuta manhaja ta duniya, IOI, wadda ke gudana tun 1989. Wadda ta ci ta mata, a sa sunanta a ta kowa da kowa.

Tambaya: Wa ya kamata mu gayyato ya yi wa 'yan matanmu jawabi? — Wata mai ba ɗalibai shawara

Amsa: Malama, tsohuwar ɗalibarku da ke shekara ta biyu a jami'a ta fi babbar shugabar kamfani tasiri, don yara suna iya hango kansu a matsayinta. Ta zo da kwamfutarta ta nuna aikin da ya taɓa ƙi mata. In kuna neman rana, hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ware Alhamis ta huɗu ta watan Afrilu ga 'yan mata a fannin fasahar sadarwa. Jawabi minti 15, sauran lokacin yara su zauna gaban na'ura.

Tambaya: Ina so in shiga gasa amma ina ganin ban iya sosai ba. Da wacce zan fara? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yarmu, akwai gasar da ba ta ma buƙatar iya rubuta manhaja. Bebras, da ta faro daga Lituweniya a 2004, gajerun tambayoyin tunani ne, ana yin ta yawanci a Nuwamba ta hannun makaranta a ƙasashen da ke da masu shiryawa. Ki tambayi malaminku.

Technovation Girls kuma gasa ce da ake shiga kyauta, ta 'yan shekara 8 zuwa 18, ƙungiya ba ta wuce mutum biyar, darussanta na mako 12 ne kuma da sabon shiga aka tsara su. Za ku zaɓi matsala a inda kuke zaune, ku gina mata manhaja, ku miƙa ta tare da bidiyon bayani. Abu uku ke kayar da ƙungiyoyi. Na farko buri mai faɗi: manhajar da za ta yi abu goma ba ta ƙarewa, ku zaɓi abu ɗaya, shafi uku, ya yi aiki. Na biyu, gini kafin tambaya. Ku zanta da mutum biyar zuwa goma da matsalar ta shafa, ku zana shafukan a takarda ku nuna musu kafin ku taɓa kwamfuta. Na uku, barin bidiyo sai daren ƙarshe. Ku ware masa mako biyu, ku ɗauka a wuri mai shiru, don murya marar fita ta fi hoto marar kyau ɓata aiki.

In da MIT App Inventor, dandalin haɗa manhajar waya, kuke gini, wayar gwaji da kwamfutar su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. In sun ƙi haɗuwa, sau da yawa tsaron intanet ɗin makaranta ne ya raba su, sai ku koma igiyar USB. Ƙarshen kowane zama ku sauke kwafin aikin, fayil mai ƙarewa da .aia, ku sa kwanan wata a sunansa, mutum biyu su riƙe. Ranar rufewa tana sauyawa duk shekara, ku duba ta tun makon farko, ku miƙa aikin kwana uku kafin ta.