Yadda gidan Pizarro suka riƙe dukiyar Peru

Malam ka tambaya ta yaya dukiyar da Sifaniyawa suka kwasa a Peru ta taru a hannun gidaje kaɗan, to zumunci ne da auren gida. Francisco Pizarro, jagoran Sifaniyawan da suka ci Peru da yaƙi, ya koma garinsu Trujillo da ke Sifen ya ɗebo ƴan uwansa Hernando da Juan da Gonzalo, da su aka raba zinaren fansar Atahualpa, sarkin Inka na Peru da suka kama, a 1533, sannan aka basu garuruwan ƴan ƙasa suna karɓar haraji. Wallahi abinda yafi taɓa ni shine ƴar Francisco mai suna Francisca, uwarta ƴar'uwar Atahualpa ce, amma a 1552 ta auri baffanta Hernando, yana tsare a Sifen ma lokacin, don kada gado ya fita waje. Gidan da suka gina har yau yana dandalin Trujillo.