Sojan da ya kai kansa da wanda aka kai shi: wa ya fi yarda da haɗarin aikin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya cike takardar shiga soja, hankalin mahaifiyarsa kuwa ya tashi. Wani maƙwabcinmu a nan Agege ya ce a wasu ƙasashe dole ake sa matasa wannan aiki. Shin wanda ya shiga da kansa da wanda aka tilasta wa ɗaya suke wajen yarda da haɗarinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ɗaya suke ba, amma bambancin ba na jarumta ba ne. A Najeriya ba a ɗaukar soja dole, saboda haka ɗanka, in an ɗauke shi kurtu aka horar da shi a Zariya, zai zama wanda ya zaɓi aikin ya mai da shi sana'a. Irin wannan soja yana kallon haɗari yadda direban babbar mota ke kallon hanyar Legas zuwa Kano: ya san ana mutuwa a kanta, amma ita ce abincinsa, kuma shekarun horo da zaman bariki suna sa ya ji kunyar barin abokansa a fagen daga. Hausawa sun ce sa kai ya fi bauta ciwo, domin wanda ya kai kansa ba shi da bakin cewa an zalunce shi.

Sojan tilas kuwa kwanakin sallamarsa yake ƙirgawa, don haka yardarsa ta rataya ne ga dalilin yaƙin. Idan ƙasarsa aka shigo wa, yakan yi abin mamaki, kamar yadda matasan Finland suka tare rundunar Tarayyar Sobiyet a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940. Idan kuma yaƙin na nesa ne, bai ga abin da ya haɗa shi da shi ba, sai iyaye da jama'a su ƙi yarda da asarar. Ƙin jinin yaƙin Biyetnam na cikin abin da ya sa Amurka ta daina ɗaukar soja dole a 1973, kuma da Rasha ta kira mutum 300,000 aikin soja dole saboda yaƙin Yukren a Satumban 2022, ɗimbin maza sun tsallake iyaka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, yardar sojan sana'a ma tana da sharaɗi. Ya amince harsashin abokin gaba ya same shi, bai amince a tura shi da makamin da bai kai na maƙiyi ba, ko a riƙe masa alawus, ko a bar matarsa tana yawon neman haƙƙinsa bayan ransa. Mun ga haka a barikin Maimalari da ke Maiduguri a watan Mayun 2014, inda sojoji suka harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da Boko Haram ta yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗaurin shekara 10. Laifi ne babba, ba na kare shi, amma duk cikinsu babu wanda aka tilasta wa sa kaki.

Ka zaunar da yaron gaban mahaifiyarsa, ka tambaye shi ko aikin yake so ko rashin aikin yi ne ya tura shi, domin wanda talauci ya kora bariki, ko da shi ya sa hannu, zuciyarsa ta fi kusa da ta sojan tilas.