Tambayi Anti Nas: Ɗiyata ta ci kek ba abin da ya same ta, alajin ƙwan ya warke ke nan?

Salamu alaikum Anti Nas, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nike nema. Ɗiyata shekararta 2 da wata 4, tana wata 10 na fara ba ta wainar ƙwai, ko minti goma ba a yi ba leɓenta ya kumbura, jikinta duk ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, ta yi amai sau ɗaya. Munka kai ta asibiti anka ba ta magani ya kwanta, likita ya ce alaji ne a daina ba ta ƙwai, tun daga ranar ban ƙara ba. To satin da ya wuce wajen sunan ƙanwata sai na iske ta da kek a hannu ta ci kusan rabi, hankalina ya tashi na zauna ina ta kallonta har dare amma wallahi ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Uwar mijina ta ce dama can ba wani alaji, zafin haƙori ne, in soya mata ƙwai kawai. Ni kuma kek da cincin nike yi na sayarwa a gida, kullum tana bina tana kuka ina hana ta. Mi za ni yi?
Maman Ummi, Tudun Wada, Gusau

Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya raya Ummi ya yi mata albarka. Bari in fara da abin da ya fi sauri: kar ki soya mata ƙwan nan tukuna. Ki ba Inna haƙuri cikin ladabi, ki ce likita ne ya hana, amma haƙori ba ya kumbura leɓe cikin minti goma da cin abinci, abin da kika gani ranar alaji ne sak.

Amma fa labarin kek ɗin nan labari ne mai daɗi, kuma ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Abin da jikin yaro ke faɗa da shi a cikin ƙwai sunadaran furotin ne, yawancinsu a farin ƙwan suke ba a kwanduwa ba. Akwai wanda ake kira obalbumin, shi ya fi yawa, ya wuce rabin furotin ɗin farin ƙwai, shi wannan da ya sha wuta sosai sai siffarsa ta canza, sojojin jikin yaro su kasa gane shi su ƙyale shi ya wuce. Akwai kuma obomukoid, ɗan kaɗan ne amma taurin kai gare shi, wuta ba ta cika yi masa komai ba, yaran da jikinsu ya tsani wannan ɗin su ne ko kek suka ci sai abin ya tashi. Sannan ita kanta fulawa tana taimakawa, in an kwaɓa ƙwai da ita an gasa sai ta riƙe furotin ɗin ta rage masa ƙarfi. Shi ya sa wainar ƙwai da kek ba ɗaya ba ne ko kaɗan, wainar minti biyu ko uku take yi a kasko kuma ƙwai ne zalla, kek kuwa rabin awa yake yi cikin wuta a cikin fulawa. A 2008 likitocin asibitin Mount Sinai da ke birnin Niyok a Amurka sun gwada yara masu alajin ƙwai da gasasshen kek, suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 sun ci lafiya. To da alama Ummi cikin waɗannan take, amma wannan ba ya nufin ta warke.

Kuma ina da ɗan shakku a kan kek ɗin sunan, ke da kike sana'ar kin fi ni sani, da tsadar kiret ɗin ƙwai yanzu wasu ƙwai uku za su fasa a kwano guda na fulawa su cika da bekin foda da kala, to wa ya san ko nawa ne ya shiga cikin guntun da ta ci. Don haka gwajin gaskiya sai da kek ɗin da aka san adadin ƙwan da ke ciki.

Kafin wannan ki koma wajen likitan yara, a Gusau kina da asibitin tarayya na FMC kina da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, ki ba shi labarin nan kamar yadda kika ba ni, ki faɗa masa har da aman da ta yi. Shi zai yanke ko a gida za a gwada ko a gabansa. Yaron da lokacin da abin ya same shi numfashinsa ya sarƙe, ko muryarsa ta dishe, ko ya yi ta tari ba tsayawa, ko ya yi laushi kamar zai suma, wannan ba a gwada masa komai a gida, ko ɗan ɓarɓashi. Haka mai asma, haka wanda ɗan taɓa ƙwai kawai ke tayar masa, haka wanda abinci da yawa ke yi masa alaji. Waɗannan sai a asibiti inda allurar adirenalin ke kusa. Ina nanata wannan ne don mutanenmu sun yarda da Piriton fiye da kima, Piriton ƙaiƙayi da borin jini yake kwantarwa, ba ya buɗe maƙogwaron da ya toshe, wannan aikin adirenalin ne a cinya kuma cikin gaggawa.

In likita ya ce ki gwada a gida, ga yadda ake yi. Ƙwai 2 a kofi ɗaya na fulawa, da sukari da mai kamar yadda kika saba, ki raba kwaɓin gida 6 a ƙananan gwangwanaye, kin ga kowane ɗaya ya tashi da kashi ɗaya cikin uku na ƙwai ke nan. Wuta digiri 180, minti 30 cif. Nan ne nake so ki buɗe kunne, don na san da yawanmu ba obin muke gashi da shi ba, tukunya ce da yashi ko duwatsu a kan gawayi, ko kurfoti a rufe a ɗora garwashi a kan murfi. Gashin yashi yana yin kek mai daɗi ban musa ba, amma wutarsa ba ta daidaita, sai ki ga ƙasa ya ƙone sama ya yi ja tsakiya kuwa da sauran danshi, to wannan danshin na tsakiya shi ne ƙwan da bai gasu ba, shi ke kawo matsala. Ki yi su ƙanana kar ki yi babban kek, ki soka tsinken sakace a tsakiya ya fito a bushe ƙarau, ki kuma ɓara ɗaya ki gani da idonki. In akwai maƙwabciya mai obin na gas, wannan karon ki roƙi arziki a wajenta.

Ranar gwaji ta kasance lafiyarta ƙalau, ba zazzaɓi ba mura ba tari ba gudawa. Da safe za ki yi, ranar da maigida yana gari kuma akwai abin hawa a kusa, kar ki kuskura ki fara da dare, kin san halin da fita da dare ke ciki a wajenmu. Ki gutsuro kamar ƙwayar shinkafa ki ba ta ta ci, ba a shafa wa yaro a fata wai don gwaji, fata tana iya yin ja alhali ciki zai karɓa. Ki zuba mata ido awa 2, don irin wannan alajin cikin mintuna zuwa awa biyu yake nuna kansa. In shiru, washegari kamar ƙwayar wake, jibi cikin ƙaramin cokali, a haka a haka har ta iya cinye guda. In borin jini ya fito ko ta yi amai ki tsaya nan, ki ba ta maganin da likita ya rubuta, ki koma masa. In kuwa numfashi ne ko ta yi laushi, ba jiran kowa, asibiti.

Abin da iyaye ke mantawa shi ne in yaro ya karɓa ba a dainawa, sau biyu ko uku a sati ki riƙa ba ta. Likitoci a Ingila da Ayalan suna kiran tsarin nan tsanin ƙwai, kek da biskit su ne matakin ƙasa, sai an yi watanni a kai sannan a hau zuwa irin su fankek da dafaffen ƙwan da ya dahu tauri, can sama kuma wainar ƙwai mai laushi da mayonis. Kowane hawa da izinin likita. Yawancin yara suna rabuwa da alajin ƙwai kafin su yi nisa a firamare, wasu kuma sai sun tasa sosai.

Cincin ɗinki kuwa ki ɗan dakata da shi in da ƙwai kike kwaɓawa, suya ce ta 'yan mintuna ba gashi ba, ki ware mata nata marar ƙwai. Ki kula da awarar da ake tsomawa a ruwan ƙwai, da alale mai ƙwai a ciki, da indomin mai shayi, da mitfai da ake shafa wa ƙwai a baya don ya yi sheƙi, da kwaɗon kabeji mai Bama. Ki gaya wa yayyenta da 'yan gidan suna da biki, su ne masu miƙa wa yaro abu don ƙauna.

Anti Nas barka da aiki. Yarona ɗan wata 8 ƙwan kaza na sa mai ƙuraje da kumburin ido. Abokina ya ce in koma ba shi na zabi tunda damina ta yi ga shi nan arha ko'ina, wai shi ba ya da illa. Gaskiya ne?
Baban Sadik, Kaura Namoda

Baban Sadik ba gaskiya ba ne. Furotin ɗin ƙwan zabi da na agwagwa da na salwa duk dangin na kaza ne, jikin yaron da ya ƙi ɗaya yawanci zai ƙi sauran, ka bar su gaba ɗaya. Naman kaza dai yawancinsu suna ci lafiya.

Amma na ji daɗi da ka faɗi watanninsa, don wata mai zuwa yana da rigakafin wata 9, na ƙyanda da na shawara. Na ƙyanda ba matsala, ana yi wa masu alajin ƙwai. Na shawara kuwa a cikin ƙwan kaza ake haɗa shi, akwai ɓurɓushin furotin ɗin a ciki. Ba cewa nake a ƙi yi ba, a'a, ka gaya wa mamansa kafin a ɗaga masa riga ta faɗa wa ma'aikaciyar cewa yana da alajin ƙwai da irin abin da ya yi masa, in da hali ka raka su da kanka, su za su duba ko a yi masa a nan a riƙe ku rabin awa ana kallonsa, ko a tura ku wajen likita a babban asibiti.